Wayar ba ta san jikinka ba

Ƴaƴana da ƙannena na Diffa da garuruwan bakin Komadugu, da ku nake.

Wata safiya cikin hunturu, bayan an idar da sallar Asuba, na shigo gida na tarar da ɗan ƙanwata a tsakar gida kan tabarma. Ya jingina wayarsa da buta, wani bature cikin bidiyo a ɗaki mai madubai yana ƙirga masa, shi kuma yana ta dirka tsalle. Minti uku ba su cika ba ya sa yatsa ya ture wannan bidiyon, ya jawo na murza ciki. Ya kai rabi sai idonsa ya faɗa kan wani da aka rubuta wai cikin kwana talatin ƙirji zai buɗe, ya koma can. Na tsaya bakin zaure ina kallonsa kusan rabin awa. Da ya gama, riga ta jiƙe sharkaf, na ce masa, "Yau wane sashe na jikinka ka yi wa aiki?" Ya yi shiru, can ya ce, "Kawu, duk dai na ɗan taɓa." Ba a yi mako biyu ba na gan shi yana ɗingishi, gwiwar dama ta kumbura, tabarmar kuma an naɗe ta an jingine.

Ban yi masa faɗa ba. Yaron da zai tashi cikin wannan sanyi don ya kula da jikinsa, alhali tsararrakinsa na ƙudundune cikin bargo, yabo ya kamace shi. Kuma na san abin da ya mayar da ku cikin gida. Tun ranar 6 ga Fabrairun 2015 da aka kawo hari Bosso da Diffa, aka kafa dokar ta-ɓaci, aka hana hawa babur, aka sa dokar hana fitar dare, rayuwar matashi a wannan jiha ta takure. Mu da muka girma kafin nan, kogi ne filin wasanmu. In ruwa ya iso da damina mu yi iyo har idanu su kaɗa, in ya janye da bazara mu buga ƙwallo kan rairayinsa, da farin wata kuma a yi langa da kokowa a dandali. Da yawanku ba ku sami wannan ba. Wasu an taso su daga ƙauyukansu na bakin ruwa, sun girma a bukkokin gefen babbar hanya ko a sansanin Sayam Forage. Wanda aka rufe wa kogi da fili, in ya sami taga a cikin waya ya leƙa, ba wanda zai ga laifinsa.

Gajerun bidiyon nan kuwa suna da amfani na gaske. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, a shawarwarin da ta fitar a 2020, ta ce baligi ya sami minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a mako, ko minti 75 zuwa 150 na mai tsanani, ya ƙara da aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu. Mai shekara 5 zuwa 17 kuwa, kimanin awa ɗaya kowace rana. A da sai motsi ya kai minti goma a jere ake lissafa shi, amma a wannan karon an cire sharaɗin, ko minti biyar ka yi ya shiga lissafi. Ka ga ashe gajarta ba ta cuci ɗan ƙanwata ba. Abin da ya cuce shi, ya miƙa wa wayar linzami.

Mutumin da ke cikin bidiyo bai san ka ba. Bai san jiya ka turo bidon shida daga famfo ba, bai san makon da ya wuce masassara ta kwantar da kai ba, bai san kan siminti kake dira ko kan rairayi ba, bai san ko ka ci abincin dare ba. A ɗaki mai sanyi ya ɗauki abinsa, guda ɗaya tak, ya sakar wa duniya. Manhajar da ke jero maka wani bidiyon kafin ka gama na farko ita ma an gina ta ne don ka daɗe kana kallo, lafiyar gwiwarka ba ta cikin lissafinta. Ni ina ɗaukar bidiyon nan kamar kayan miya a kasuwar Diffa: ga tattasai, ga albasa, ga daddawa, ga bandar kifi, ga busasshiyar kuɓewa. Kowanne mai kyau ne. Amma ba uwar gidan da za ta juye duk abin da ta gani a tukunya ɗaya. Sai ta san tuwon da za a ci da yawan bakin da za su ci, ta kuma tuna akwai tsoho a gidan da yaji ke tayar masa da ciwon ciki. A wannan girki kai ne mai tukunya.

Saboda haka kafin ka sauke ko bidiyo ɗaya, zauna ka lissafa yininka. Saurayin da ke aikin garkar tattasai a wajen Geskeru ko Shetimari yakan yini a sunkuye, yana dashe, yana gyara fangali, yana jan tiyon injin ban-ruwa, lokacin tsinka kuma ya yi ta ɗaukar buhu zuwa wurin shanya. Wannan tun kafin Laraba ya wuce minti 300. In ya dawo da yamma ya ɗora bidiyon tsalle-tsalle da na naɗe ciki, bayan da ya yini a lanƙwashe ne ya ƙara lanƙwasawa. Abin da jikinsa ke roƙo bai wuce minti goma na miƙa ba: ya buɗe ƙirji da kafaɗu, ya sassauta ƙugu da bayan cinya, ya kwanta rigingine ya riƙa ɗaga ƙugu sama a hankali don ɗuwawu da gadon baya su yi ƙarfi, sannan ya ci abinci ya yi barci. Haka masunci, haka lebura, haka mai tura kura. Kada wani ya sa ka ji kamar aikinka ba motsa jiki ba ne don ba a yi shi da takalmin gudu ba.

Wanda na fi ji wa tsoro shi ne mai zama. Ɗalibin lise ko na Jami'ar Diffa da ke yini kan benci, tela a kan kekensa, mai shagon cajin waya, direban adaidaita, da ɗan fada da ke zaune tun daga shayi na farko har na uku, suga kan suga. Shi wannan komai yake buƙata, kuma shi ne zai fi amfana da haɗa gajerun bidiyo, in ya san jerin da zai bi.

Ga yadda na haɗa wa ɗan ƙanwata bayan gwiwarsa ta warke. Da farko minti biyar na ɗuma jiki: tafiya a wuri ɗaya, juya kafaɗu da ƙugu, ƴar sassarfa mara nauyi har zufa ta fara tsattsafowa. Sai aikin ƙarfi na minti goma tun jiki na da sauran kuzari: tsuguna-tashi, da wanda ƴan lakwal ke kira pomp, da dogarawa kan gwiwar hannu da yatsun ƙafa, jiki a miƙe kamar azara. Bayan nan ne ake shiga na haki, tsallen igiya ko gudu a wuri ɗaya, minti biyar zuwa bakwai. A rufe da miƙa har numfashi ya koma daidai. Akwai dalilin wannan jeri. In ka fara da na haki, kafin ka zo tsuguna-tashi ƙafafu na rawa, gwiwa ta riƙa karkata ciki, baya ya riƙa gantsarewa, daga nan targaɗe ke shigowa. Minti ashirin da biyar ke nan, daga bidiyo huɗu na mutum huɗu da ba su ma san juna ba, amma kai ka san abin da ya sa kowanne yake inda yake.

Kuma duk bidiyon da za ka ɗauka, fara kallonsa a zaune daga farko har ƙarshe, da biro da takarda, ka rubuta motsin da ke ciki. Za ka yi mamaki. Sunayensu daban-daban, wannan na ƙona kitse, wancan na duk jiki, amma cikinsu kusan abu ɗaya ne. Ɗan ƙanwata da muka zauna muka ƙirga, sai muka ga bidiyo ukun da ya fi so duk tsalle ne, yana dira kan siminti fiye da sau ɗari biyu kowace safiya da silifas. Gwiwa ba ƙarfe ba ce. Inda motsi ya maimaitu, soke ɗaya. Kada kuma ka yi wa tsoka ɗaya aiki mai tsanani kwana biyu a jere, don a lokacin hutu take ginuwa. Litinin, Laraba da Asabar sun ishi mai farawa, sauran ranakun ya taka da ƙafa zuwa kasuwa ko makaranta.

In ka duba takardar nan da kyau za ka ga wani giɓi. Yawancin bidiyon cikin gida turawa ne da tsalle da murza ciki, ba su cika koyar da ja ba, saboda ja na buƙatar abin kamawa, su kuwa sun yi alkawarin ba kayan aiki. Mai zama kuma tsokar bayansa ce ta fi yin laushi, shi ya sa kafaɗunsa ke zubowa gaba. Mu a nan kayan ja ba su yi mana wuya ba. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka bidon ɗin da ke gidanku ma'auni ne da kai ke yanka masa nauyi: zuba lita biyar yau, bayan makonni ka mayar bakwai. Dafa benci da hannu ɗaya, baya a miƙe, ka jawo bidon zuwa kwiɓinka da ɗaya hannun. Reshen bedi mai ƙwari ya isa lilo da jan jiki sama. Wanda kuwa ke jan guga a rijiya kowace rana, wannan giɓin ya riga ya cike shi.

Yana da kyau ku san asalin wasu sunayen da kuke gani. Atisayen minti bakwai da ya cika waya ya fito ne daga wata maƙala da Brett Klika da Chris Jordan suka buga a Amurka a 2013: motsi goma sha biyu, kowanne daƙiƙa 30, hutun daƙiƙa 10 a tsakani, ba a buƙatar komai sai bango da kujera. Sun jera su ne yadda in hannu na aiki ƙafa na hutawa, kuma su da kansu sun ce a maimaita zagayen sau biyu ko uku. Masu talla suka riƙe minti bakwai suka yar da sauran bayanin. Wanda ake kira Tabata kuwa sunan wani masani ne ɗan Japan, Izumi Tabata, da ya buga bincikensa a 1996: daƙiƙa 20 na aiki, 10 na hutu, har minti huɗu. Amma a kan samari ƴan wasanni ya gwada shi, bisa keken gwaji, suna tuƙawa har ƙarfinsu ya ƙare ƙaf. Wanda bai taɓa motsa jiki ba in ya fara da irin wannan, ya ɗebo da zafi.

Wanda ya fi kama da halinmu shi ne na sojan saman Kanada. A ƙarshen shekarun 1950 suna da dakaru a sansanoni masu nisa inda babu ɗakin atisaye, sai wani masani mai suna Bill Orban ya tsara musu abin da aka kira 5BX: motsi biyar, minti goma sha ɗaya, ba kayan aiki. Ƙarfin tsarin yana cikin matakansa. Motsin ba su canzawa kowace rana, mutum yana farawa daga matakin ƙasa komai ƙarfin da yake ji, ya riƙa hawa sannu a hankali.

Wannan shi ne abin da ya fi wuya ga matashi mai waya a hannu: tsayawa kan abu ɗaya. In ka haɗa naka, riƙe shi mako shida kafin ka taɓa shi. Sami ƙaramin littafi ka riƙa rubuta kwanan wata da adadi. Yau pomp takwas, bayan mako biyu goma sha ɗaya, a takarda za ka gani ba a madubi ba. In adadin ya yi sauƙi, ƙara abu ɗaya kawai, ko yawa, ko nauyi, ko ka rage hutu. Akwai kuma ribar aljihu. Bidiyo huɗu ne, ka sauke su sau ɗaya ranar da layi ke da kyau, ko abokinka ya tura maka ta Xender, shi ke nan ka huta da sayen data don wannan. Bayan mako biyu ma ka haddace su, wayar ta koma agogo kawai, ranar da babu wuta ko caji ya ƙare atisayenka na nan. Abu ɗaya da waya za ta yi maka wanda ya fi sabon bidiyo amfani: jingina ta a gefe ka ɗauki kanka kana tsuguna-tashi, sannan ka kwatanta da mai koyarwa. Da yawa sun rantse bayansu a miƙe yake sai da suka gani da idonsu.

Sai maganar rana. A watannin Afrilu da Mayu zafin Diffa na wuce digiri 40, ɗakin kwano kuwa da azahar tanda ne. Lokacinku bayan Asuba ne, ko bayan rana ta faɗi, da ruwan sha a kusa. Na ga samari suna ɗaura leda a ciki ko su sa rigar sanyi wai don su yi zufa kitse ya narke. Don Allah ku bari. Zufa ruwa ce da gishiri, nauyin da ya tafi da ita yana dawowa da ka sha moɗa biyu, abin da ke saura shi ne wahalar da ka ba zuciya da ƙoda. Da azumi a rage, a mayar da shi bayan buɗa-baki in abinci ya faɗa, ko bayan tarawihi. Ranar da ƙurar hunturu ta turnuƙe, mai asma ya yi nasa a ɗaki.

Ku kuma san bambancin ciwo da ciwo. Tsamin jiki da ke zuwa kwana ɗaya ko biyu bayan sabon motsi ba komai ba ne, zai wuce. Suka a cikin gaɓa, ko kumburi, wannan tsayawa ake yi. Ciwon ƙirji, jiri, gani na dushewa, ko fitsari ya koma baƙi kamar shayi bayan atisaye mai tsanani, wannan likita ake nufa a ranar, ba a jira. Mai sikila, mai hawan jini, mai ƙaba, da wanda bai daɗe da tashi daga masassara ba, su fara jin ta bakin ma'aikacin lafiya. Ma'auni mai sauƙi ga kowa shi ne magana: in kana iya magana amma ba ka iya rera waƙa, kana kan matsakaici, in kalma biyu ko uku kawai ke fita kafin ka ja numfashi, ka shiga mai tsanani.

Ƴaƴana mata, wannan magana da ku nake yi kamar yadda nake yi da maza, har ma ina ganin ku bidiyon nan ya fi yi wa rana, don fili bai cika samuwa gare ku ba. Ɗaki da tabarma sun isa. Akwai mata masu koyarwa cikin sutura ta mutunci, akwai atisayen da babu tsalle ko ɗaya a ciki, kiɗan ma in bai kwanta miki ba kashe sautin ki bi da ido. Ke ma ki lissafa yininki. Wadda ke daka da ɗaukar ruwa a ka da wanki a duƙe, hannunta da wuyanta sun sami rabonsu, miƙa baya da ƙarfafa ƙugu take buƙata. Wadda ke yini a aji ko kan keken ɗinki ta bi jerin da na faɗa a sama. Mai juna biyu da mai jego su tambayi ungozoma a likita kafin su ɗauki kowane bidiyo. Ku kuma iyaye, in kun ga yarinya ta rufe ƙofa tana motsa jiki, ku sa mata albarka, lafiyar da za ta riƙe gida da ita gobe take tarawa.

Na san abin da ke ran yawancin samari ƙwanji ne da shafaffen ciki. Ban raina wannan buri ba. Wanda ya kalli fim ɗin Zinder da Aicha Macky ta fitar a 2021 ya ga samarin unguwar Kara-Kara ta Damagaram suna ɗaga ƙarfe, ya kuma gane cewa matashin da ba shi da aiki ba shi da gona, jikinsa ne kaɗai abin da yake iko da shi. Sai dai ku ji gaskiya. Murza ciki sau ɗari ba ya cire teɓa, tsokar da ke ƙarƙashi yake ƙarfafawa, kitse kuwa daga duk jiki yake raguwa in an rage suga da maiƙo aka ƙara motsi. Jikin mai bidiyon nan shekaru ya yi yana gina shi, ga fitila da aka saita masa, wasu ma har da allurai da ba za su faɗa maka ba. Kada ka sayi garin da ba ka san abin da ke ciki ba, kada ka haɗiyi ƙwayar ƙiba ta bakin kasuwa. Tramol kuwa, wanda wasu ke sha wai don kada su ji gajiya, gajiyar tana nan, jin ta kawai ya toshe, kuma mun ga samarin da ya kai ga farfaɗiya da kabari. Wake da gero da nono da ƙwai da ƙuli-ƙuli da kifin tafki sun gina ƙartin da suka fi na cikin wayarka ƙarfi.

Ai kun gani da idonku. A ƙarshen Disambar 2022 Diffa ce ta karɓi gasar kokowa ta Takobin Ƙasa, ƴan kokowa tamanin daga jihohi takwas, Kadri Abdou da ake kira Issaka Issaka na Dosso ya tafi da takobi. Gasar nan tun 1975 ake yin ta. Ku tambayi duk tsohon ɗan kokowar da ke unguwarku yadda ake shirya mata, zai gaya muku watanni ake yi ana maimaita abu ɗaya, gudu da safe, kamu da yamma, ci da barci a kan lokaci, da wani babba a gefe yana gyara wa yaro tsayuwa.

Wannan babban da ke gefe shi ne abin da waya ba za ta ba ku ba, kuma bai yi muku nisa ba. In ka haɗa naka jerin, kai takardar wurin malamin wasanni na makarantarku ko wani tsohon ɗan kokowa ko ɗan ƙwallo, ka yi a gabansa ya duba maka. Ku ƴan fada ɗaya, mutum uku ko huɗu, ku sa lokaci bayan Asuba a gidan ɗayanku, waya ɗaya ta ishe ku, wani na yi wani na ƙirgawa yana duba masa baya da gwiwa. Ɗan ƙanwata haka suke yi yanzu shi da abokansa biyu a zaurenmu, littafinsu na rataye a ƙusa bayan ƙofa, sun shiga wata na biyar.

Ku fara da takarda da biro a daren yau, ku rubuta abin da jikinku ya yi tun safe, sannan gobe ku zaɓi bidiyon da zai cike abin da ya rage. Allah ya ƙara muku lafiya, ya zaunar mana da Diffa lafiya, ya nuna mana ranar da ƙannenku za su koma buga ƙwallo kan rairayin Komadugu ba da fargaba ba.